Muƙamuƙin da Kawu Ya Kawo

Shekarar da gaɓar kogin Yana ta zaftare,
ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ta saki ajiyarta,
Kawu Erchim ya tsinci muƙamuƙin doki a laka,
haƙora uku a jere, sun rine kamar gindin butar shayi.
Ya naɗe shi a tsohuwar rigar sanyi,
ya kwana biyu a hanyar Yakutsk,
ya dire mini shi a kan tebur.

"Tuyaara, ku masu karanta ƙashi,
duba mini. Kakan goɗiyata ne.
Daga faɗin haƙorin na gane shi."
Ya zaro gashin gezarta daga aljihu,
sili bakwai, da saiwarsu, don shaida.

Na sa farar riga har ka,
safar hannu biyu, takunkumi a baki,
kada numfashina ya sa baki a maganar da ba tasa ba.
Na huda saiwar haƙori ɗaya,
garin da ya fito bai kai gishirin da yatsu biyu ke ɗauka ba.
A cikinsa zaren gado yake, duk ya tsintsinke,
kamar wasiƙar da ɓera ya kwana a kanta.
Haruffa huɗu ne kacal,
da su aka rubuta doki, da su aka rubuta ni,
da sauron da ke cin kawu a fadama.

Na'ura ta kwana tana gurnani.
Mako uku ina ɗinka guntu da guntu,
yadda masunci ke gyaran koma
da hasken da ya rage kafin dare.

Da rubutun ya haɗu, na karanta sau uku.
Shekara dubu biyar yana kwance,
kuma ba kakan kowa ba ne a garken kawu.
Reshe ne da ya bushe bai bar iri ba.
Kama da wane, ashe, ba wane ba ce.

Goɗiyar kawu daga kudu danginta suka taho,
a bayan kakanninmu, ɗauke da tukwane da yara,
ɗaruruwan shekaru ƙalilan, jiya-jiya a lissafin ƙashi.
Sanyi ne ya tsaya a ƙofa yana tankaɗe:
mai siririn gashi bai ga narkewar ƙanƙara ba,
mai kauri ya gani, ya haihu.
Haka ƙafa ta gajarce, kitse ya taru,
kofato ya koyi tonon ciyawa a ƙarƙashin fari.
An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar daskarewa ta yi, ta zauna.

Na kira shi da yamma.
Ya yi shiru har na ji tafasar butarsa,
na ji kare yana karce ƙofa.
"Ashe baƙi ne," ya ce, "kamar mu."
Ya sake yin shiru.
"To shi wancan, wa ke gare shi?"
Na ce babu kowa, Kawu.
"Maido mini shi. Ba a barin maigida a cikin kwali."

Na mayar da haƙora biyu da ƙashinsu.
Na ukun ya ƙare a hannuna,
ya koma haruffa a cikin kwamfuta,
wasu a wata ƙasa suna buɗe shi da safe.

Kawu ya rataye muƙamuƙin a reshen itace,
yadda yake wa dawakinsa idan sun gama aiki,
ya juya shi ya fuskanci kogi.
Na ga hoton a waya, ya ɗan karkace, yatsansa ya rufe gefe.
A gindin itacen goɗiyar ce, gashi buzu-buzu,
tururi na fita daga hancinta,
tana tono, ko ɗaga kai ba ta yi ba.